Takin da Na Kai Fakon Baba

Mahaifina wanzami ne. Tun kafin in yi wayo yake yawon aski da ƙaho a ƙauyukan da ke tsakanin garinmu da Dogarawa, zabira a kafaɗa, shi bisa doki. Dawaki uku ya riƙe a rayuwarsa, ɗaya bayan ɗaya, kuma babu na ado a cikinsu, duk na tafiya ne. Na ƙarshen hurde ne, mai sanyin hali, wanda ya san ƙofar kowane gida da Baba ke sauka. Da moto, wato babur, ta cika gari, matasan wanzamai suka riƙa riga shi isa gidan suna. Hannunsa ma ya fara rawa. Sai ya rataye zabirar a ɗaki, ya ce ya gama. Amma dokin ya ƙi sayarwa. Da shi yake zuwa kasuwa, da shi yake zuwa gaisuwar mutuwa da duba marar lafiya, kuma in ba ka gan shi a zaure ba to yana wurin turke.

Abin da ya dame shi ciyawa ce. Sa'ad da muke yara, bayan garinmu makiyaya ce har gindin dutse. Gonaki suka cinye ta kaɗan-kaɗan, har ta kai ciyawa sai a kasuwa ake ganinta a kan amalanke. Baba yana da wani fili can wajen dutsen, fako ne da ya gada saboda babu wanda ya so shi ranar rabo. Jar ƙasa ce mai tsakuwa, ta daskare kamar daɓen ɗaki. In an yi ruwa sai ya bi ta kanta ya wuce, ko taku ba ya nitsewa. Nan Baba ya ce zai mayar wurin kiwon dokinsa.

Yadda yake aikin zai sa mai gaggawa ciwon kai. Ya kafa turke a wuri guda, dokin ya yi kwana huɗu ko biyar yana zuba kashi da fitsari, sannan ya tumɓuke turken ya matsa gaba kaɗan. Inda aka tashi sai ya shimfiɗa karan hatsi da rassan sabara, ya bar wa gara. Ya ce gara ce ke huda fako, shi nasa kawai kai mata abinci. Da rani yana haƙa tassa da diga, ƴan ramukan nan da ake zuba wa taki tafi guda don su riƙe ruwa. Ya jera duwatsu a gicciye inda ruwa ke gangarowa. In ya tafi wata unguwa da kaka, ba ya dawowa sai da irin harkiya da kyasuwa a aljihun riga, ya zo ya watsa. Shekara huɗu yana haka. Abin da ya yi kore a ƙarshenta bai fi inda kamyo biyu za su tsaya ba.

Da kamyo nake awon komai, don ni direban babbar motar kaya ne. Na bar lakwal, makarantar boko, da wuri na tafi Konni, na koyi tuƙi, ina ɗaukar siminti daga Malbaza, in lokacin albasa ya zo in ɗauki albasa. Yayana shi ya zauna gida. Shi ke noma, shi ke riƙe da tsofaffinmu, kuma ba ya barin in manta da haka. Ni sai da salla nake zuwa, da sukari da shayi da yadin riga, a shimfiɗa mini tabarma kamar baƙo, in kwana biyu in koma.

A irin wannan zuwan ne na iske Baba a fakon da hantsi, a duƙe da diga, gumi ya jiƙa masa riga. Ya haura saba'in a lokacin. Hanyar kasuwa ta bi ta gefen wurin, duk mai wucewa yana ganinsa. Yanzu na san abin da ya kama ni ranar ba tausayi ba ne kaɗai. Kunya ce. Na ji kamar kowa na cewa ga tsoho yana fasa dutse, ɗansa kuwa yana jan kamyo.

A Konni na saba ganin masu lambu suna kwasar tsohuwar bola, wadda ta daɗe ta zama baƙar ƙasa, suna kai wa albasa da tumatur. Da muka zauna bayan azahar na kawo wa Baba maganar. Na ce sau da yawa nakan fito Konni da mota wayam, lodi uku kawai zai rufe fakon nan gaba ɗaya, ya huta.

Ya murza goro, sannan ya ce, “Mi ke cikinta?”

Na ce toka ce da kashin awaki da sharar gida. Ya ce shi kashin dokinsa ya sani, abin da mutanen birni ke zubarwa kuwa bai san shi ba. Ya ce in bar shi da fakonsa, ba ya sauri. Yayana yana gefe yana gyaran ƙotar hauya, ya yi dariya ya ce da irin wannan tafiyar ta Baba dokin zai mutu da tsufa bai taɓa ƙoshi ba. Ya ce mini in ina da hali in kawo kawai, tsoho ba ya cewa i, sai ya ga abu ya yi kyau.

Ban sake tambayar Baba ba. Na bari sai makon da ya tafi gaisuwar mutuwa Badaguishiri, inda zai kwana uku. Na yi sawu uku a kwana biyu. Don in kai tsakiyar fili sai da na bi ta kan jerin duwatsunsa, tayoyi suka watsa su, suka danne tassar da ya haƙa. Ni da yayana da wasu maƙwabta biyu muka baje lodin da shebur, har kan ɗan koren da ya yi shekara huɗu yana reno.

Na ga ledar. Ba zan ce ban gani ba. Baƙar leda, farar ledar ruwa, guntayen takalma, tsohon batir, tsumma, igiyar buhu. Muka tsince manyan muka tara gefe. Ɗaya daga cikin maƙwabtan ya ɗaga wata da bakin shebur ya ce wannan fa? Na ce ƙasa za ta cinye ta. Na faɗi haka alhali na yi shekaru ina ganin leda a bakin hanya, damina ta zo ta wuce, tana nan yadda take. Rana ta yi zafi, ina son in gama in mai da mota.

Na tsaya har Baba ya dawo don in ga fuskarsa. Ya sauka daga doki a bakin filin, ya daɗe yana kallo. Ya taka zuwa ciki, ya sa sanda ya juya wani gutsuren takalmi.

“Ka wahala,” ya ce. “Allah shi yi ma albarka.” Ya ɗan nisa. “Duwatsun nan dai, da ka kauce musu.”

Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Daminar ta yi kyau, fakon kuma ya ba kowa mamaki. Ciyawa ta kai gwiwa. Tun daga hanya kana hango kore a gindin jan dutse. Har tumatur da guna da kuɓewa suka fito da kansu daga cikin bolar. Masu zuwa kasuwa suna tsayawa su duba. Wani malamin gona ya tsai da moto ya ɗauki hoto da salula. Yayana ba inda bai kai labarin ba, yana cewa shawararsa ce, ƙaninsa ya kawo mota. Da na zo da kaka na tarar da hurden ya yi ɓul-ɓul, gashinsa na sheƙi. A ƙofar masallaci dattawa suka riƙa riƙe mini hannu suna sa albarka. Ban taɓa jin ni ɗan garin nan ne ba kamar a wannan zuwan.

Baba kuwa kowace safiya yana fita da tsohon buhu, yana bin ciyawar a duƙe yana zaro leda. Na ce masa na kawo taki don ya huta, ga shi ya ƙirƙiro wani aikin. Na yi dariya ma. Ya ce ai ba nauyi gare ta ba.

Damina ta biyu sai garmani ya fito. Irinsa yana cikin kashin dabbobin birni, ya samu ƙasa mai ƙarfi ya bazu. Doki ba ya cinsa, kuma inda ya kafu harkiya ba ta tashi. Baba ya riƙa tumɓuke shi da hannu, yana cire nan yana fitowa can. Abin da aka samu na ciyawa a shekarar bai kai rabin na bara ba, ya ƙare tun sanyi bai wuce ba. Da bazara ta shigo ƙasar ta bushe, iska ta kwashe ta sama, ledar da muka binne ta riƙa leƙowa ko'ina. Yawancinta ledar abinci ce, wadda aka ƙulla ƙosai ko miya ko gishiri a ciki. Dabba mai yunwa tana jin wannan.

Baba ya sani, shi ya sa ya daina sakin dokin. Ya mai da shi turken gida yana ba shi dusa da ɗan abin da ya rage na harawa. Sai zazzaɓi ya kwantar da Baba kusan mako uku, kula da dokin ya koma hannun yayana. Harawa ta ƙare, ga sharar gona ta taso. Yayana ya riƙa sa masa dabaibayi da safe ya sake shi a fakon, sai yamma ya je ya kamo shi. Bai gaya wa Baba ba. Innarmu ce ta faɗa mini wannan daga baya, a hankali, ta ce kada in tayar da magana.

Da Baba ya miƙe ya tarar da dokin ya rame, yana shinshina dusa ya kau da kai. Kashinsa ya ragu, daga baya ya tsaya cak. Aka ba shi kanwa, aka ɗura masa man gyaɗa, aka jiƙa saiwoyin da Baba ya sani. Ya fara kallon cikinsa, yana tonon ƙasa da ƙafar gaba, yana faɗuwa yana birgima. Ina layin lodi a Malbaza yayana ya kira ni a salula ya ce in ina son in ga aikina in zo.

Na bar motar a wurin wani abokin aiki, na nemo malamin dabbobi, muka hau moto ɗaya. Mutumin kirki ne, ba ɗan yankinmu ba, Hausarsa ma ba ta nuna sosai ba. Ya sa kunne a cikin dokin, ya duba dasashinsa, ya sa hannu ta baya. Ya ce hanji ya toshe. Ya yi masa allurar rage zafi, ya ɗura masa wani ruwa ta hanci, ya ce in bai buɗe ba zuwa gobe to babu abin da za a iya a nan. Ya tambayi inda yake kiwo. Kowa ya kau da kai.

Washegari bayan la'asar dokin ya mutu. Baba yana zaune a ƙasa, kan dokin a cinyarsa, yana kore masa ƙuda da hula. Bai yi kuka ba. Da numfashin ya tsaya ya kwance ragamar da kansa, ya naɗe ta, ya miƙa wa Inna.

Muka ɗora shi a amalanken shanu muka kai can ƙarshen fakon. Malamin dabbobin ya dawo don ya ji yadda aka kwana, ya roƙi a bar shi ya buɗe cikin, ya ce yana son ya tabbatar ba wata cuta ba ce mai yaɗuwa. Baba ya ce a bar shi haka nan. Yayana ya ce a'a, gara a buɗe kowa ya san abin da ya kashe shi. Mutane sun riga sun taru. Aka buɗe.

Abin da ya fito dunƙule ne kamar ƙwaryar fura, baƙi ƙirin, leda ta murɗe da igiyar buhu da tsumma ta yi tauri. Malamin ya sa wuƙa ya ɓare shi. A jikin wata ledar ruwa har rubutun ana iya karantawa.

Yayana ya dube ni a gaban jama'a ya ce, “To, ga takin Konni.”

“Ku rufe shi,” in ji Baba. Ya juya ya kama hanyar gida da ƙafa.

Kafin in bar garin maganar ta juya. Bakunan da suka sa mini albarka a ƙofar masallaci su ne suka riƙa cewa dama sun san za a yi haka, wa ya taɓa ganin an kai wa doki shara. Maƙwabcin da ya ɗaga leda da shebur yana da gaskiyarsa, shi kuwa bai ce komai ba. Waɗanda ba su ce uffan ba a lokacin su ne suka fi kowa baki. Yayana ya riƙa gaya wa mutane cewa ya hana ni ban ji ba. Na same shi a bayan rumbu na ce masa ya ji tsoron Allah, shi ya ce in kawo, shi kuma ya saki dokin a filin alhali Baba ya ɗaure shi.

Bai ko ɗaga kai daga igiyar da yake tufkawa ba. “Ni na tuƙo motar?” ya ce. “Kai ka zo ka zuba ka tafi. Mu ka bar wa.”

Rabin maganarsa gaskiya ce. Har yau bai taɓa ɗaukar ɗaya rabin ba.

Da Baba ya zage ni, ko ya ƙi amsa gaisuwata na wata guda, da na san inda zan sa kaina. Bai yi ba. Na durƙusa a zaure na nemi gafara, ya ce babu abin yafewa, alheri na nufa, kwanan dabba ne ya ƙare. Sai ya tambaye ni ko an gyara hanyar Alela. Na ce zan nemo masa wani dokin, na san wani mai dawaki a wajen Illela.

“Shi yi kiwo ina?” ya ce.

Ban sake tayar da zancen ba, shi ma haka. Duk zuwan da na yi bayan nan gaisuwa ce da labarin hanya da labarin ruwa. Yana tarbata da fara'a kamar kullum, yana sa a dama mini fura. Na sha zama kusa da shi ina jiran ya faɗi kalma ɗaya mai zafi, ko don in samu in ba da amsa, bai faɗa ba.

Bai daina zuwa fakon ba. Kowace safiya yana tafe da buhunsa yana tsintar leda, ya tara a rami ya cinna mata wuta, hayaƙin ya sa shi tari. Inna ta ce masa dokin da ake yi dominsa ai ba ya nan. Ya ce awakin mutane suna bi ta wurin. Kasuwa kuwa ya daina zuwa. Moto ba ya hawa, ya ce kansa ke juyawa, ƙafarsa kuma ba ta kai shi. Mutanen ƙauyukan da ya yi wa aski shekara da shekaru suka riƙa mutuwa, sai dai ya aika yayana gaisuwa. Mutumin da bai taɓa wuni biyu a gida ba ya koma daga zaure sai masallaci sai fako. Damina biyu bayan dokin shi ma ya rasu. Ba na cewa rashin dokin ne ya kashe shi, tsufa ya zo masa kuma kwanansa ya ƙare. Amma na san yadda ya yi waɗannan shekaru biyun, kuma na san wanda ya jawo.

Bayan an yi addu'ar arba'in aka zauna rabon gado. Fakon da a zamanin kakanmu kowa ya guda, yayana ya ce shi yake so, tunda shi ke kusa. Ban yi jayayya ba. Ya sa garmar shanu ya kife garmanin, ya shuka hatsi. Ƙasar ta karɓa. Yanzu a duk wannan gefen babu gonar da ke zangarniya irin tata. Garma tana tono leda duk shekara, ya ture ta da ƙafa ya wuce. Hatsi ba ya cin leda.

Da mutane suka ga haka sai kowa mai fako ya fara neman bola. Amalanken jakai da tifa suna ta kaiwa, daga Konni, daga Malbaza, daga duk inda aka samu. In ka bi hanyar garinmu da rani za ka ga leda tana kaɗawa a kan kowace ƙaya. Mahauta sun daina mamakin abin da suke samu a tumbin akuya. A garin ana ce masa takin direba, kuma masu faɗa suna ɗauka yabona suke yi. A wani ɗaurin aure wani dattijo, cikin waɗanda suka ce dama sun sani, ya ja ni gefe ya roƙe ni in taimaka masa da lodi ɗaya in na fito wayam. Na ce masa motar ba tawa ba ce, mai ita ba ya yarda. Ya ce ai da can ma ba tawa ba ce.

Ni da yayana muna gaisawa, muna haɗuwa a suna da jana'iza. Kowace kaka yana aiko mini da buhun hatsi daga gonar, a ɗora a motar kasuwa, a kira ni in je tasha in ɗauka. Ban san abin da yake nufi da shi ba, ban kuma tambaya ba. Matata ƴar Konni ce, na aure ta bayan an yi wannan duka, kuma ban taɓa ba ta labarin daki-daki ba. Takan ce hatsin ƙauyenku ya fi na kasuwa gari, furarsa ta fi danƙo. Shekarar farko na yi niyyar in bayar da shi sadaka, sai na ga gida yana buƙata. Bana ma ya aiko, muna cikin rabinsa yanzu.